Sana'ar sayar da abinci: abin da doka take nema gare mu



Idan aka gama girbi, aka ɗaure hatsi aka kai rumbu, da yawa daga cikinmu sukan nemi sana'ar rani. Wadda ta fi kusa da hannu kuwa ita ce ta abinci. Wake namu ne, gyaɗa tamu ce, aya da riɗi a gonakinmu suke. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta bi ta Caduwa da Agye da Gazawa. Kullum motoci suna tsayawa, matafiya suna neman abin sawa a baki. Ranar kasuwa kuwa ba a magana. Ga mai ƙosai, ga mai waina, ga mai fura da nono, ga mai tsire, ga mai shayi da burodi, ga mai kunun aya.

To, amma abinci ba kamar tabarma ko igiya ba ne. Wanda ya sayi igiya maras kyau ya yi asarar kuɗinsa kawai. Wanda ya ci abinci maras kyau yana iya asarar ransa. Shi ya sa hukuma ta sa wa wannan sana'a dokoki. Dokokin iri biyu ne. Akwai dokar tsabta, wadda ta hau kan kowa, daga mai kasko ɗaya har mai babban gidan abinci. Akwai kuma dokar kasuwanci da haraji, wadda take bin girman sana'ar mutum. Mutane sun fi tsoron ta biyu, domin ita ce mai taɓa aljihu. Mu kuwa a ganinmu ta farko ita ce uwa, don haka da ita za mu fara.

Dokar tsabta

Ranar 2 ga watan Maris na 1993 ƙasarmu Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a. A 1999 aka tsara aikin ma'aikatan da suke tsaron wannan doka, waɗanda wasu suke ce wa duba-gari. A 2022 kuma aka fito da sabuwar doka a kan lafiya da tsabtar jama'a. Abin da ake nema ga mai sayar da abinci bai da wuyar ganewa: jikinsa da tufafinsa su zama da tsabta, wurinsa ya zama da tsabta, abincinsa ya zama a rufe, kuma kada ya sayar da abin da ya lalace. Ma'aikatan tsabta suna da ikon shiga wurin sana'a su duba. Suna iya kwashe abincin da ya ɓaci su zubar ko su ƙone, suna iya cin tara, suna iya sa a rufe wuri.

Me ya sa aka tsananta haka? Mu tuna da abin da ya same mu. A watan Yuli na 2018 kwalara, wato ciwon amai da zawo, ta ɓulla a gundumar Madarunfa. Daga nan ta shiga birnin Maraɗi da wasu gundumomi. Kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 3,000, aka rasa rayuka da dama. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin inda ta fi tsanani. Kwalara ba iska take bi ba. Ƙwayar cutar tana fita cikin bayan gidan maras lafiya, ta shiga ruwa, ko ta hau hannu, ko ƙuda ya ɗauke ta, ta faɗa cikin abinci. Tana iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya. A gida, mace ɗaya tana ciyar da mutum goma. A kasuwa tana iya ciyar da mutum ɗari, daga garuruwa goma, kowa ya koma garinsu da abin da ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 suke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suke mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Takardar likita

Takarda ta farko da mai sana'ar abinci zai nema ita ce ta shaidar lafiya. Ana samun ta a gidan likita, bayan an auna mutum. Ba mai wurin kaɗai ba: duk wanda hannunsa yake taɓa abincin, da mai dafawa, da mai zubawa, da mai wanke-wanke. Takardar tana da wa'adi. Ku tambayi ma'aikacin ranar da za ta ƙare, ku rubuta ranar inda za ku riƙa ganin ta.

Wata za ta ce: "Ni lafiyata lau, me zan je yi likita?" Ga amsa. Akwai cututtukan da mutum yake ɗauke da su, yana ba wasu, shi kuwa bai ji komi ba. Zazzaɓin taifot yana cikinsu. A birnin New York na Amurka an yi wata mai dafa abinci, sunanta Mary Mallon. Ƙaƙƙarfa ce, tana aikinta ba ta kwanciya. Amma gidajen da ta yi wa aiki sai mutane su riƙa kwantawa da taifot. A 1907 likitoci suka gano ita ce take ɗauke da ƙwayar cutar. An lissafa mutum wajen 50 da suka kamu ta hannunta, aƙalla 3 suka mutu. Ita kuwa ba ta yarda tana da wani ciwo ba. Ido ba ya ganin irin wannan, sai awo.

Haka kuma, ranar da mai sana'a ya tashi da zawo, ko amai, ko shawara, ko tari mai tsanani, ko ƙurji mai ruwa a hannu, ranar ba ta fita ba ce. Mun san zaman gida na yini ɗaya asara ce ga mai neman na cefane. Amma idan aka ce a wurin wance aka ci aka kwanta, cinikin shekara ne ya tafi.

Wuri da ruwa da wuta

Kada a kafa kasko kusa da juji, ko makewayi, ko kwata, ko turken dabbobi. Abinci ya zauna bisa tebur ko wani abu mai tudu, a rufe da murfi ko faifai ko ƙyalle mai tsabta. A bakin kwalta ƙura ba ta ƙarewa, musamman lokacin hunturu.

Ruwa shi ne inda aka fi yin sakaci. Ruwan famfo ko na rijiya mai murfi ake so. Idan ana shakka, a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin ta Aquatabs yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Wannan ya fi shafar masu fura, da kunun aya, da zoɓo, da ƙanƙara, domin abinsu ba ya komawa wuta bayan an dama. Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara. Nono kuma a dafa madarar tukuna kafin a sa ta yi tsami.

Akwai wata al'ada da muke so a bari. Ita ce roba ɗaya ta ruwa wadda kowa yake tsoma hannu a ciki, tun safe har azahar. Wannan ba wanke hannu ba ne, rabon datti ne. A ajiye buta da sabulu, a zuba wa mutum ruwa ya zube ƙasa. Kwanoni kuma ruwa biyu suke so, na sabulu da na ɗauraya, a riƙa canza su. Hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma cikin tuwo, a sa mara ko cokali.

Dafaffen abinci ba ya son ɗumi-ɗumi. Ko ya zauna da zafinsa bisa wuta, ko ya shiga sanyi. Masana sun ce kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. A watannin bazara, lokacin da zafi yake wuce awo 40, shinkafa da wake ko miyar da aka sauke da hantsi tana iya zama cuta kafin la'asar, ko da ba ta yi wari ba. Gara a dafa kaɗan sau biyu. Abin da ya kwana, sai an tafasa shi sosai. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kuma ba ta yanka albasa da tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke ta.

Nama

Dokar kiwo ta 2004 ta ɗora wa ma'aikatan dabbobi duba naman da za a sayar wa jama'a. Ana yanka a mayanka. Malamin dabbobi yana duba bisa tun tana da rai, ya sake duba naman da huhu da hanta, sa'an nan ya buga hatimi. Mai tsire, da mai balangu, da mai kilishi, da mai tuwo da miya, kowa ya nemi wannan hatimi kafin ya saya. Naman da aka kawo da dare, da araha, aka ce saniya ce ta karye, a yi hattara da shi. Tarin shanu, da ciwon saifa, da tsutsar ciki duk suna kama mutum ta hanyar nama. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Abin da ya fito daga gona da kanti

Tsabtar abinci tun daga rumbu take farawa, kuma nan ne manomi yake da hannu. Wasu suna zuba wa wake maganin ƙwari irin su piya-piya, ko su jefa ƙwayar da ake ce wa bom cikin buhu. Wannan wake idan ya zama ƙosai ko ɗan wake kafin dafin ya fita, yana iya kwantar da gida guda. Ga shi kuwa akwai buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka taimaka aka gwada aka yaɗa. Yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba da magani ba. Mai ƙosai ta tambayi yadda aka ajiye waken da za ta saya.

Gyaɗa kuma, idan ba ta bushe sosai ba, tana yin fumfuna. Cikin fumfunar akwai dafi mai lalata hanta, mai hana yara girma, kuma suya ba ta kashe shi. Masu mai da ƙuli-ƙuli da dakuwa su tsince ruɓaɓɓiya da mai baƙi su zubar. Kada a ce a ba yara ita.

Ga kayan kanti, karatunmu zai yi mana rana. Gwangwanin tumatir, da madara, da taliya, da mai, duk suna ɗauke da ranar lalacewa. A kayan da suke shigowa daga Najeriya za ku ga haruffa EXP, lambobi suna biye. Idan an rubuta 03/2027, ma'ana watan 3, wato Maris, na shekarar 2027. Bayan wannan wata ba a saye, ba a sayarwa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar shi ko da wa'adinsa bai cika ba. Gishiri kuma a nemi mai sinadarin ayodin, wanda yake tsare mutum daga maƙoƙo.

Sai maganar leda. Ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014 aka kafa dokar da ta hana yin siririyar leda, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Kowa ya san har yau ta cika kasuwanninmu. Wannan bai soke dokar ba. Mu da muke kiwo mun ga abin da ake fitarwa daga tumbin akuya da tunkiya. Mai saye ya zo da kwanonsa, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Takardun kasuwanci

Kafin komi, mutum ya mallaki takardar haihuwa da katin shaidar ɗan ƙasa. Babu ofishin da zai buɗe masa littafi in ba su. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar jariri. Babban da bai samu ba tun yana yaro, alƙali ne yake yi masa takardar da za ta tsaya a madadinta.

Wuri na biyu shi ne ma'aikatar magajin gari. Gundumar Agye tana da ƙananan hukumomi 2, Agye da Caduwa. Gazawa, wadda ta zama gunduma a 2011, ita ma 2 gare ta, Gazawa da Gangara. Gidan Rumji tana da 5: Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Kowa ya je tasa. Can ake neman izinin kafa rumfa ko tebur a kasuwa, ko a tasha, ko a bakin hanya, domin filin na jama'a ne. Wanda ya gina ba izini, ranar da aka zo gyaran hanya ba shi da bakin magana. Kuɗin kasuwa da ake karɓa da tikiti su ma can suke shiga.

A nan mu tsaya kaɗan. Duk kuɗin da kuka ba ma'aikaci, na kasuwa ne, ko patanti, ko tara, ku karɓi takardar shaidar biya, wato resi. Ku duba abu uku: kwanan wata, da yawan kuɗi, da hatimi. Ku tuna mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da tamma take magana. Dala 1 tamma 5 ce. Idan kun ba da dala 100, takarda ta nuna 500. Idan kun ba da jika, ta nuna 1,000. Wanda ya karɓi dala 100 ya ba ku takardar 250, rabi bai shiga asusun gari ba. Kuɗin da aka biya ba takarda kuwa, gobe ana iya sake neman su.

Idan sana'a ta zauna da gindinta, sai rajista. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya, wadda ake kira OHADA. Ranar 15 ga watan Disamba na 2010, a birnin Lome, aka gyara dokar domin a sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi. Aka fito da matsayin ƙaramin mai sana'a, wanda takardun faransanci suke kira entreprenant. Shi bayyana sana'arsa kawai zai yi a ofishin magatakardan kotu, kuma dokar ta ce wannan bayyanawa ba a biyan kuɗinta. Zai kai takardar haihuwa ko katin shaida, da takardar shaidar mazauni, ya sa hannu cewa ba a hana shi yin kasuwanci ba. Sai a ba shi lamba. Idan cinikinsa ya wuce iyakar da aka sa shekara 2 a jere, ya zama cikakken ɗan kasuwa. Cikakken ɗan kasuwa kuwa dole ya shiga babban littafin rajista, RCCM, cikin watan farko na aikinsa. Matar aure tana iya yin rajista da sunanta idan sana'arta dabam take da ta mijinta. Ma'aikatar haraji kuma ita take ba da lambar mai biyan haraji, NIF. Zauren ƴan kasuwa da yake Maraɗi yana nuna wa mutum hanyar waɗannan takardu.

Mun san mai tuyar waina a ƙofar gida ba za ta hau mota zuwa Maraɗi gobe ba saboda wannan. Ita tsabta da takardar likita da tikiti su ne a gabanta. Amma mai son ta dafa wa taron horo, ko ma'aikatan wani aikin raya karkara, ko makaranta, ta sani waɗannan ba sa biya sai da takardar ciniki, wato faktir, kuma sukan nemi NIF a kanta. Sau da yawa matan gari ne suke tuƙa tuwon, amma wani mai takarda daga birni shi ya karɓi kwangilar, ya ba su ladan yini.

Maganin wannan shi ne haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu ƙasashe da yawa. Dokar OHADA ta 2010 ta yarda mutum 5 su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda ake kira SCOOPS. Za su rubuta dokokinsu, su zaɓi masu gudanarwa da masu sa ido, su yi rajista. Daga nan ƙungiyar tana iya neman NIF, ta buɗe ajiya a banki, ta karɓi aiki da sunanta.

Mai ɗaukar ma'aikata

Wanda ya ɗauki mutum aiki da albashi, doka ta ce ya rubuta shi a asusun ma'aikata, CNSS. Wannan asusu shi yake tsayawa idan mai ya ƙona ma'aikaci ko wani haɗari ya same shi a bakin aiki. Tun watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasa tamma 42,000 ne a wata, wato jika 42. Dokar aiki ta 2012 kuma ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba. Muna roƙon iyaye mata su auna wannan da maganar talla. Yarinyar da take yawo da tire a tasha har dare ta rasa makaranta, kuma abin da yake iya samun ta a can ya fi ribar tiren.

Littafin ciniki

Dokar OHADA ta ce ƙaramin mai sana'a ya riƙe littafi. Kullum ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai sayar da abinci kuma ya rubuta sayayyarsa, ya adana takardunta. Ana ajiye littafin shekara 5 aƙalla. Littafin ƴan makaranta da biro sun isa. A ja layi a tsakiyar shafi, dama kuɗin da suka shigo, hagu waɗanda suka fita, a sa kwanan wata a sama. Abin da aka ci a gida da abin da aka ba da bashi su ma a rubuta, domin nan ne uwar kuɗi take zurarewa ba a sani ba.

Ga aikin da za ku yi a aji tare da malaminku. Lambobin na misali ne. Wata mai ƙosai ta fita ranar kasuwa. Ta sayi wake na 3,000, mai na 2,500, itace na 500, albasa da barkono da gishiri na 400. Ta biya niƙa 300, tikitin kasuwa 100. Da yamma ta ƙirga kuɗin da suke cikin kwanonta, ta samu 9,000. Ku ja layi ku rubuta shafinta na wannan rana. Nawa ta kashe? Nawa ya rage mata? Ku faɗi amsar da tamma, sa'an nan ku faɗe ta da dala.